Na Kashe Dokin Yayana Da Dawa, Na Ce Maciji Ne

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana. Kada ku zage ni, don ƙyamar da nake yi wa kaina ta fi duk abin da za ku faɗa. Da ana maido jiya, da ban zuba dawar nan ba.

Ni dattijo ne daga wajen Unguwar Lalle. Yayana ɗan kasuwa ne, da za shi Nijar da kaya ya bar mini amanar tsohon dokinsa. Ya ce, "Harawa da ciyawa kawai, ka ji?" Na ce to. Amma kaka ce, rumbu cike, ni kuwa ina son ya dawo ya tarar da doki ya yi ƙiba a yabe ni. Safe da yamma kwano cike da sabuwar dawa, har da ƙari.

Ba a jima ba dokin ya soma wata irin tsayuwa, ya miƙe ƙafafun gaba, ya maida nauyinsa baya kamar zai zauna. Ya ɗaga wannan ƙafa, ya aje, ya ɗaga waccan. In an juya shi sai ya yi ta nishi. Uwargidana ta taɓa kofaton ta ce, "Malam, zafi rau kamar tukunya!" Na ce, "Ke mi kika sani ga doki? Ƙiba ce ta sa shi lalaci." Na ɗaura sirdi, na hau shi har kasuwar Isa, kan busasshiyar hanya, ina zabga mishi bulala. Wane irin mutum ne wannan? Da ɗingishin ya tsananta na sa aka yi mishi lalas da jan ƙarfe a kafaɗa, inda babu ciwon komai. Har yau ina jin ƙaurin fatar.

Sai da ya kwanta na kira malamin dabbobi. Ya danna bayan kofato, jijiya na bugawa da ƙarfi. Ya ce, "Baba, hatsi ya yi mishi yawa, cikin kofaton ne ya kumbura. Da kun kira ni tun yana tsayuwar nan." Kwana huɗu dokin ya mutu yana wari. Da Yaya ya dawo na ce maciji ne, har lalas na sa aka yi. Ya dafa ni ya ce, "Allah ya saka maka, ka yi ƙoƙari." Tir da ni.

To yanzu ga tsohuwar goɗiyarsa. Ni na ce wa Yaya dawa na gyara doki, ya ɗauka, yana ta zuba mata. Jiya na gan ta a turke da irin tsayuwar nan, shi kuwa yana cewa, "Kira mini mai lalas ɗin nan naka."

Jama'a, in tsohon doki ya canza tsayuwa, ku taɓa kofato, ku janye hatsi, ku kira masani. Kada ku yi irin tawa. Ni dai in na yi shiru goɗiyar ta mutu, in na buɗe baki Yaya zai tambayi inda na san ciwon. Mi za ni yi?