Kujerar Amak

Jakarta

Yayata Uni Rosmaniar,

Gaisuwa mai yawa, ya azumi? Ya jikin mahaifiyarmu Amak, ya 'yarki Nidar?

Albishirinki, ƙanenki ya zama mai mota! Guda biyu na gani. Ɗaya mai dogayen benci a baya, tana cin mutum tara, amma matata Wulan ta ce wallahi in na saye ta fasinja za su riƙa tare mu a titi. Ɗayar ruwan azurfa ce, kujera bakwai, ga sanyi kamar cikin banki. Ita na ɗauka. Ni da surukina a gaba, Wulan da mahaifiyarta a tsakiya, yaran uku a baya, cif-cif kamar don mu aka ƙera ta. Da ita za mu zo sallah, surukaina na son ganin garinmu. Ki ce wa Amak ta fito ƙofar gida ta sha kallo.

Ƙanenki,
Asrizal

Payakumbuh

Rizal,

Muna lafiya, Amak na sa maka albarka.

Ka san idanunta sun yi rauni, ni ke karanta mata wasiƙa. Taka ta iso muna baranda da maƙwabta ana kankare kwakwar girkin sallah. Ta ce in ɗaga murya kowa ya ji. Ni kuma sakarya na ɗaga.

Da na kai wurin kujerun tana bi da yatsunta. Na gama, ta ce, "Sake karantawa, Ros." Na sake. Ta ce, "Kin tsallake layi."

Ban tsallake komai ba, Rizal. Tun farkon azumi take gaya wa duk wanda ya shigo cewa ɗanta zai sayi mota saboda 'yata Nidar. Bayan sallah za mu je gidan saurayinta mu nemi aurensa, tunda a al'adarmu dangin mace ne ke zuwa nema, kai ne kawunta, kai za ka shige gaba da farantin ganyen siri, ganyen taunawar da ake miƙa wa dangin ango, kuma Amak ta ɗauka a gefenka za ta zauna. Har zane ta ɗinka.

Maƙwabciyarmu Etek Ramala ta daina kankare kwakwar tana kallona. Sai na ce ruwa ya taɓa takardar, layin ya goge. Da furfurata na yi wa uwata ƙarya, cikin azumi, saboda kai. Haba Rizal.

Yayarka,
Rosmaniar

Jakarta

Uni,

Ina gaida ke, in har za ki amsa.

A ofis na karanta, na kasa ɗaga kai in dubi kowa. Na koma wajen dillalin, ya ce an riga an yi mata lamba da sunana, ba zancen canji. Yanzu tana ƙofar gida, ko kallonta ba na son yi.

Abin da ya fi ci min rai, ban hana Amak kujera ba, Uni. Da hanawa na yi, ai da na tuna da ita ke nan. Ina lissafa iyali a gaban dillali, kwata-kwata ba ta faɗo min a rai ba. Na ji kunya, wallahi na ji kunya.

Ranar neman auren surukaina za su zauna a gida. Ki ce mata kujerar gaba tata ce. Don Allah ki gyara min maganar, ke kika iya bakinta.

Asrizal

Payakumbuh

Rizal,

Gaisuwa. Na faɗa mata. Ta ce a'a, ba a sauke baƙo daga kujera a garinmu, su ma a tafi da su su ga yadda muke yi. Ni da ita da sauran dangi za mu bi akori-kurar Pak Buyuang, wadda yake kai barkono kasuwa da ita. Ya ce zai wanke ta.

Kai ne a gaba da farantin, wannan kam ba ta canza shi ba. Ta dai ce in roƙe ka ka riƙa tuƙi a hankali, motar Buyuang ba ta da gudu, kada ka isa gidan mutane babu mu.

Allah ya kawo ku lafiya.

Rosmaniar