Littattafan da Si Lutfi Ya Aiko

Litinin, 4 ga Fabrairu
An sallame ni daga asibiti, Yaya Jalila ta kawo ni gidanta a garin Binzart. Likita ya ce hantata ba za ta ƙara ɗaukar ko kurɓi ɗaya na giya ba. Ɗakin ɗinkinta ta ba ni, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. In za ta kasuwa sai ta kulle ƙofa ta waje. Da furfurata.

Alhamis, 7 ga Fabrairu
Si Lutfi, abokina mai shagon littattafai a Tunis, ya aiko min da uku, wai su suka dace da ni. Ɗaya kan tarihin kiɗanmu na maluf, ɗaya kan mashayun tsohon gari, ɗaya kan tsuntsayen tafki. Yaya ta ɗaga na biyun da yatsu biyu. "Abokin nan naka binne ka yake son yi?" Na ce takarda ba ta sa maye. Ta ce, "Kai ko hoton kwalba ya ishe ka." Ta dai bar min.

Asabar, 9 ga Fabrairu
Na mashayun na fara. Marubucin ya san kan abin. Da ya zo kan buha, giyar ɓauren nan, da ɗan zaitun a gefe, yawu ya cika min baki. Na yi ta zaga ɗaki. Na murɗa ƙofa, alhali na san a kulle take.

Laraba, 13 ga Fabrairu
Na ɗauki gogena, na mayar.

Lahadi, 17 ga Fabrairu
Munji shugaban ƙungiyarmu ta makaɗa ya bugo waya. Sun ɗauki wani mai goge, har ya yi musu biki. "Kafin ka warke ne kawai, ɗan'uwa." Na san muryarsa in yana ƙarya. Littafin kiɗan ma haushi ya ba ni, duk wanda yake yabo ya mutu.

Juma'a, 22 ga Fabrairu
Rashin abin yi ya sa na buɗe na tsuntsayen. Wai shamuwa sheƙarta ta bara take komawa. Na karanta wa Yaya tana tsinar wake. Ta ce ai akwai sheƙa kan turken lantarki a bayan gida. Ta hau da ni soro, tana riƙe da gefen rigata kamar ni ne zan tashi. Su biyu ne. Ba sa kuka, baki suke kaɗawa, kuma da tsari. Sai na ji ƙafata na bin bugun. Yaya ta ce, "Sauko haka nan, sanyi."

Alhamis, 28 ga Fabrairu
Munji ya zo duba ni. Da Yaya ta shiga haɗa shayi, ya zaro 'yar kwalba daga aljihun kwat, ya tura ƙarƙashin matashina. "Maganin sanyi. Kada hajiyar ta gani."
Kwalbar tana nan. Ina jin ta a ƙeyata.

Asabar, 2 ga Maris
Ban buɗe ba. Ban yar ba.

Talata, 5 ga Maris
Da safe na miƙa wa Yaya, na ce Munji ne ya manta da kayansa. Ta daɗe tana kallona. Ta shiga kicin, na ji tana tuttulewa. Ban leƙa ba.
Ba wai na tuba ba ne. Ɗakin ne ya yi mana kaɗan, ni da kwalbar.
Ta tambaya ko zan iya cin kuskus da kifi. Na ce ta zuba da yawa.