Ɗakin Innarku Ba Na Baƙi Ba Ne

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na rubuto ne tunda ka rantse ba ka jin magana a waya. Inna Babba tana asibiti, jikin ya yi nauyi. Ta ƙi abinci, ba abin da take roƙo sai muryar ƙanwarta, wato hirarrakin da ka ɗauka da Inna kafin ta rasu. Suna cikin akwatin ajiyar bayanan da na haɗa maka a falo, amma na neme shi ta intanet daga nan, shiru. Don Allah ka duba bayansa. Ramukan waya biyu ne, na hagu kaɗai na saita. Fitilarsa tana ƙiftawa? Ka ba direban da ya kawo wasiƙar nan amsa.

'Yarka,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Maƙwabcina Tela ne ke rubutawa, ni ke faɗa. In kin ga kuskure, nasa ne. Ƙafa tana nan, ni da ita ba wanda ya sallama.

Na duba. Waya tana ramin hagu, fitila tana ƙifta ido kamar marar gaskiya. Na zare, na busa, na mayar. Na kashe, na kunna, na kara kunne na ji yana gurnaninsa. Tela ya ce in ɗan buge shi, na ce ya je ya bugi kekensa. Akwati lafiya lau, kullum ina goge shi, ga iska tana shigo masa ta tagar da Innarku take zama tana tsifar kai. Cutar daga wajenku take.

Ki ce wa Innarku Babba ta ci abinci. Ba mu gama gardamarmu ba.

Allah ya yi miki albarka,
Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Wace taga? Ka ɗauke shi daga falo ka kai ɗakin Inna ke nan!

Lokacin da Yaya ya mayar da ɗakin na baƙi, na raba layin intanet na gidan gida biyu. VLAN muke ce masa a wurin aiki: kamar katanga ce, mutanen gida a nan, baƙi a can, don kada kowa ya kwana ya leƙa hotunanmu. Ramin bangon ɗakin nan a ɓangaren baƙi yake. Duk abin da aka soka a ciki baƙo ne, ba ya ganinmu, ba ma ganinsa. Ka mayar da shi falo yau. Likita ya fara sunkuyar da kai.

Ka huta lafiya,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ba zan mayar ba.

A falo samarin gidan ke kallon ƙwallo suna ihu a kan muryar Innarku. Na tarar an ɗora mata kofin shayi, har ya bar zobe. A ɗakin nan ta haife ku, a nan na zauna bakin gado na ɗauki maganarta, tana tari tana lissafa min kakanninku ɗaya bayan ɗaya. Yayanki ya canza labule ya kira shi ɗakin baƙi, na ƙyale shi. Ashe ke ma kin rubuta wa na'ura cewa uwarki baƙuwa ce.

Ban yi makaranta ba, amma na san wanda ya gina katanga shi ya san inda za a fasa ƙofa. Ki faɗa min, zan yi da hannuna. Direba yana tsaye, na hana shi tafiya. Tela ya ce in sassauta harshe, na ce ya rubuta yadda na faɗa.

Babanki

Baba,

Ka yi haƙuri, ban taɓa kallon abin haka ba. Saman ƙofar kicin akwai ƙaramin akwati mai ramuka a jere. Masu jan tambari na baƙi ne, masu kore na gida. Wayar ɗakin Inna ita ce toka-toka. Ka zare ta daga ja ka soka a kore. Kada ka hau kujera da ƙafar nan, ka bar Tela ya hau.

Auta

Auta,

Na hau. Tela ya riƙe kujera yana salati. Wayoyin duk toka-toka ne a idona, sai na bi tata da hannu tun daga bangon ɗakinta, ta bayan kabad, har sama. Koren ramuka duk a cike suke, don haka na zare ta talabijin ɗin samari na ba ta wurin. Ta yi ƙaras, fitila ta kama. Yanzu ki nema.

Babanki

Baba,

Na same shi. Na kara wa Inna Babba waya a kunne. Ta rufe ido har muka tsorata. Da Inna ta kai labarin ranar da ku ukun kuka ɓata a tasha, sai Inna Babba ta buɗe ido ta ce, "Ƙarya take, ni na gano hanya." Ta nemi shayi, ta sha rabi. Ta ce a gaya maka gardama tana nan.

Yaya yana tambaya ina baƙi za su kwana.

Auta

Auta,

A falo. Ba ƙwallo yanzu, za su samu barci.

Allah ya yi miki albarka,
Babanki