Duwatsun Auta a Ramin Titi

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Ayyuka da Gyare-gyare na Jami'a
Daga: Yayar wani ɗalibin ajin ƙarshe, Sashen Ilimin Duwatsu da Ma'adinai
Kwanan wata: Talata, 14 ga Mayu, 2024

Game da: Duwatsun binciken ɗalibi da aka cike rami da su

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa duwatsun da ƙanena ya tattaro domin binciken kammala digirinsa suna cikin titin da ke gaban ofishin Shugaban Jami'a, motoci na bi ta kansu. Leburorin sashenka ne suka zuba su a wani rami da ke wurin ranar Alhamis, 2 ga Mayu, da hantsi. Ramin ya cike, kuma aikin ba laifi. Ga ƙorafina:

1. Duwatsun nan ba tarkace ba ne. Ƙanena, wanda muke kira Auta a gida, shi ya faso su da guduma a kan tsaunuka lokacin da ajinsu ya fita bincike a watan Fabrairu. Kowane dutse ya ɗiga masa farin fenti, ya rubuta lambar da ke nuna inda ya ciro shi a taswira. Ya dawo da buhu uku da targaɗe a ƙafar hagu.

2. Sashenka ne ya sa aka fito da su. Ranar 22 ga Afrilu aka umarci ɗalibai su kwashe kayansu daga ɗakin gwaji domin za a gyara rufi. Auta ya jingine buhunansa a baranda, ƙarƙashin taga. Har yau ba wanda ya hau rufin.

3. Shugaban leburori bai ɓoye komai ba. Ya shaida wa Auta cewa an ce manyan baƙi na tafe, a toshe ramin da duk abin da ke kusa. Sai ga duwatsu an fasa su daidai misali, har an zuba a buhu, baro kawai suke jira. Ya kuma yaba ƙarfin baƙaƙen cikinsu. Ba shi nake ƙara ba.

4. Ba za a iya kammala binciken ba sai an yanka duwatsun siri-siri an duba su a na'ura. Malamin da ke duba aikinsa ya ce hoto ba ya maye gurbin dutse. Ranar 11 ga Yuni Auta zai kare bincikensa gaban malamai. In ya rasa wannan zama, sai baɗi. Wani kamfanin haƙar rijiyar burtsatse ya yi masa alkawarin aiki, na gano inda ruwa yake kafin a kafa inji, da sharaɗin ya kawo sakamakonsa bana. Mahaifiyarmu ta shekara huɗu tana tambayar abin da zai kai mutum jami'a karatun dutse, alhali ga su nan jibge a bayan gida. Ba ta daɗe da fara gaya wa maƙwabta cewa ɗanta zai riƙa nemo wa mutane ruwa ba. Yanzu tambaya take ko aikin titi ya koma.

5. Auta ya je ofishinka bai same ka ba. Magatakardanka ya saurare shi da kyau, ya jajanta masa, sannan ya nuna masa tulin tsakuwa a bayan gareji, ya ce ya ɗebi iya son ransa. Mun gode da karamcin. Sai dai tsakuwar ba ta san tsaunin da ya hau ba. Tun ranar Auta bai ƙara wasa da kowa a gida ba, shi da ba a rasa bakinsa.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma Darakta ya ba da izini a tone ramin, a haɗa Auta da lebura biyu da diga da shebur, shi zai tsince nasa da hannunsa. Siminti kaɗan ne a samansu, fentin wasu ma yana leƙowa.

Ina kuma roƙon a hanzarta. Injiniyan da ke kula da titin ya tabbatar mini da safiyar yau cewa za a malala kwalta a wurin ranar Litinin, 20 ga Mayu. An riga an sauke gangunan kwaltar a gefen titi. Ya zuwa rubuta wannan takarda, ya ce ba wanda ya umarce shi ya dakata.

Allah ya ƙara girma. Ina jiran amsarka cikin ladabi.

Taka mai biyayya,
Yayar Auta