Sukuru Biyu Daga Agogon Inna

Zuwa ga Yaya Habu,

Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba, shi ya sa ma na iya rubutawa.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau a Shema, matarka Talatu ta yaye Ɗanjuma. Kyamararka tana hannuna, ina riƙe da sana'ar a Dutsin-Ma yadda ka bar mini.

Ka tuna ƙafar katakon da kafintan Kurfi ya haɗa maka, mai farantin tagulla da ke riƙe kyamarar? Na faɗi da keke a hanyar Wurma, ƙananan sukuru biyu na farantin suka ɓace cikin yashi. Na ɗaure da roba, amma kyamara ta riƙa rawa. Wani ango ya fito da hanci biyu. Mutane suka fara cewa hoto ya ƙare tun da Habu ya tafi.

Ba inda ban nema ba: masu gyaran keke, 'yan gwangwan, har kantunan Katsina. Duk nasu awon inci ne na Ingila, shi kuwa farantin tare da kyamararka ya zo daga Jamus, awon milimita yake ci. Su shiga rabi su cije. Maƙeri dariya ya yi mini, wai shi ba ya ƙera ƙwayar gero.

Sai wata rana na juya agogon teburin da ka sayo wa Inna, na ga shi ma ɗan Jamus ne. Tun da ka rasu, kusa da matashinta take ajiye shi, ta ce ƙararsa na ɗebe mata kewarka. Tana gidan suna na buɗe bayansa, na kwance sukuru biyu, Yaya. Na ce ai biyu ne kacal, ba zai ji ba. Suka zauna a farantin daram. Kafin la'asar agogo ya tsaya.

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi agogo ya bi mai shi. Ni kuma na sunkuyar da kai, na bar ta a haka. Wane irin ɗa ne ni? Da kai ne, ba za ka ci gaba da fama da robar ba?

Jiya ta ce in ɗauke ta hoto, ita da ko kai ba ta taɓa yarda ka ɗauke ta ba. Ta zauna a tabarma, agogon a cinyarta. Ban taɓa wanke hoto mai kyau irin wannan ba, ko gezau kyamarar ba ta yi ba. Amma ba gilashin kyamarar take kallo ba, Yaya. Idonta na kan farantin.

Kunya ta hana ni kai mata hoton. Gobe zan kwance sukurun in mayar wa agogon. In agogon ya ƙi tashi fa, me zan ce mata?

Allah ya jiƙanka, ya sada mu da alheri.

Ƙaninka mai jin kunyarka,
Sule