Surukina Ya Ɗaura Wa Motata Tayoyin Hamada, Ga Dutsen Ƙanƙara a Gabanmu

Daga mai kula da zaure: wani ɗan'uwanmu da ke Faransa ne ya turo min wannan, ya roƙi in cire sunansa da adireshinsa kafin in watsa wa kowa. Ga shi yadda ya zo.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, na Turai da na gida masu samun leƙowa. Don Allah shawararku nake roƙo, kuma da wuri, saboda maganar tana da wa'adi. Na daɗe ina karanta muhawararku a kwamfutar ofis idan an tashi aiki, ban taɓa sa baki ba, yau ga ni da matsalar da in na faɗe ta a taƙaice za ku yi dariya, wato tayar mota. Ku yi dariyar, ni ma na yi tawa, amma ku daure ku kai ƙarshe.

Ni mutumin arewacin Najeriya ne, na yi shekaru ina koyar da kimiyya a sakandare kafin ƙarin karatu ya kawo ni Paris, yanzu ina aikin fassara a wani ofis, muna zaune a Bobigny, a gefen birnin. Matata 'yar Nijar ce amma a nan ta girma. Mahaifinta, wanda zan kira Alhaji, yana Lyon, unguwar Minguettes, can sama a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan. Kafin ya zo ƙasar nan aikin masana'anta direban hamada ne, Agadez zuwa Bilma, Agadez zuwa Aljeriya, irin mutanen da ke gane hanya inda ni da ku ba ma ganin komai sai rairayi. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta gida, Faransa ba ta rage ta ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na kalle shi yana magana ba, duk abin da ya faɗa amsata ɗaya ce, “Haka ne, Baba.” Da wannan jimlar na yi zaman lafiya fiye da shekara goma.

'Yarmu ta fari, Ummi, sunan marigayiya matar Alhaji ta ci, shi ya sa ba ya kiran ta da komai sai “uwargidana”. Tana fama da asma, likita ya tura ta wani gidan jinyar yara a kan duwatsun da ke gabas da Lyon, ta yi zangon karatu a can saboda iskar wurin. A hutun Fabrairun nan za mu je mu ɗauko ta. Na taɓa hawa hanyar a bas lokacin kaka, kwana ce bayan kwana, hannun dama dutse, hannun hagu rami mai zurfin da shanun da ke ƙasa suka koma kamar tururuwa. Yanzu duk wannan ƙanƙara ta rufe shi.

Saboda tafiyar nan na sayi mota, tsohuwar jif, wadda mutanen Nijar ke kira kat-kat. Alhaji ne ya zaɓi irin da zan saya, ta bakin 'yarsa a waya, ya ce wannan ko babu. Na kai ta gareji a Bobigny aka sa mata tayoyin ƙanƙara sababbi guda huɗu, sirara, robarsu da laushi, jikinsu duk ƙananan tsage-tsage da ke kama ƙasa idan ta daskare. A hutun ƙarshen shekara muka tafi Lyon da ita. Alhaji ya sauko daga bene da hularsa ta sanyi, ya zagaya motar, ya yaba injin, sannan ya durƙusa ya danna babban yatsa a jikin taya, ya ce, “Malam, an cuce ka. Wannan ai tayar amalanke ce.” Na ce haka ne, Baba. Ashe a wajensa na sa hannu ke nan.

Aiki ya kira ni, na koma Paris a jirgin ƙasa na bar iyali da motar. Da na dawo ɗaukar su, tun daga nesa na ga motar ta ƙara tsawo kamar an ɗora ta a kan turmi. Tayoyina babu. A madadinsu wasu ƙatti ne masu faɗi, kusan sumul, layuka kawai suka zagaye su, a kan rim na ƙarfe da aka yi wa sabon farin fenti. Alhaji da tsofaffin abokansa suna tsaye a filin ajiye motoci suna jiran in yi murna, hannuwansu baƙi ƙirin, su suka yi aikin da kansu da jak da sifana a cikin sanyin nan. Na tambayi matata a hankali ina nawa tayoyin, ta ce ya yi sadaka da su ga wani maƙwabci mai kai burodi da asuba. Na yi godiya. Har da durƙusawa.

A matakalar bene matata ta ba ni tarihinsu. Tayoyin rairayi ne, Alhaji ya saye su da daɗewa, tun mahaifiyarta na da rai, da niyyar ranar da ya bar aiki zai sayi kat-kat ya ɗaura su, ya tuƙa matarsa ta hamada har ƙofar gidansu a Agadez. Ya bar aikin, sai hanyar ta lalace da rikici, sai matar ta rasu, sai idonsa ya fara yana ya daina tuƙi. Tayoyin suna nan a ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, a naɗe cikin barguna, yana sauka lokaci-lokaci ya juya su. A nan na gane dalilin “wannan ko babu”, motar da ramukan notinta suka dace da rim ɗinsa ya sa na saya.

Washegari da safe Alhaji ya ce mu zagaya a gwada. An yi ɗan daskarewa, ba wata ƙanƙarar kirki ba. A shataletalen farko na Vénissieux, garin da unguwarsu take, na taɓa birki, motar ta yi kamar ba da ita nake ba, ta juya gindi ta tafi a karkace cikin natsuwa har sai da ta daki bakin titi. Allah Ya sa ba kowa a wajen. Alhaji ko gezau. Ya ce, “Iska ta yi yawa.” Ya fita, ya zaro tsinken ashana, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sace iska yana sauraro da kunne har suka yi tumbi, ya dawo ya zauna. Ya ce, “Ƙanƙara da rairayi abu ɗaya ne, Malam, launi ne kawai ya raba su. Taya mai faɗi, iska kaɗan, kada ka tsaya a hawa. Da haka na fitar da kamiyo, babbar mota cike da gishiri, daga wurin da raƙumi ya ƙi shiga.” Jama'a, ni da na cika allo da zanen akwati a kan gangare ina koya wa yara yadda abu ke zamewa, ni da na sha kayar da ɗalibi a jarrabawa saboda irin wannan amsar, na buɗe baki na ce haka ne.

Kuma ba wai bai san aikinsa ba. A rairayi gaskiyarsa ce, so kake motar ta yi iyo a sama kada ta nutse. A titin dutse da ya daskare kuwa so kake ta ciji ƙasa, mota mai iyo a can rami take nufa. Bakaniken Bobigny da ya ga motar sai da ya tambaye ni ko Timbuktu zan tafi. Ya ƙwanƙwasa robar da sifana ya ce ta tsufa ta bushe kamar itace, a sanyi ma ƙara tauri za ta yi. Na ce to a sa sarƙa, ya tura hannu tsakanin tayar da jikin motar, bai shiga ba, ya ce ina sarƙar za ta zauna. Ya nemo min wasu tayoyin ƙanƙarar da rim ɗinsu, suna jingine a garejinsa yanzu haka, ya ce in yanke shawara kafin ƙarshen mako don akwai mai so.

Da matata mun yi faɗan da ba mu taɓa irinsa ba. Na ce ta yi wa mahaifinta magana tunda ita ba ta da kunyar da nake da ita, ta ce ni da nake da digiri in je in yi masa darasin mana. Na ce maganar ran yarinya ake, ta ce ta fi ni sani, ita ta haife ta, kuma Ummi ba za ta shiga motar nan a kan tayoyin nan ba. Na ce to mun daidaita, gobe a cire. Ta ce wanda ya cire su ya kashe mata uba. A cewarta, tun rasuwar mahaifiyarta ba ta ga ya yi dariya irin ta ranar da ya ɗaura su ba, kuma mutumin da ya fitar da tayoyin nan daga bargo ya bayar, ya haƙura ne da komawa gida, abin da ya rage masa shi ne su yi amfani sau ɗaya a idonsa. Na tambaye ta to me take so in yi, a bar su ko a cire, ta ce duka biyun, ta shiga ɗaki. Mun kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na bi hanyar manya. Akwai wani dattijo mai sayar da yadi a unguwar Barbès ta Paris, abokin Alhaji tun ƙuruciya, na same shi na yi masa bayani dalla-dalla har da zane a bayan kwali, ya ce in bar masa, ƙaramin abu ne. Ya sayi katin waya ya kira Lyon. Da na koma jin sakamako ya zaunar da ni ya ba ni shayi, ya ce, “Ɗana, ka kwantar da hankalinka. Mutumin da ya ƙetare hamadar Tenere ba dutsen Nasara ne zai gagare shi ba. Ku 'yan boko tsoronku ya yi yawa.” Har ya tambaye ni ko akwai sauran irin tayoyin, ƙaninsa na so.

Sauran dabarun duk na auna su, kowace da inda ta ɓulle. In ce mu tafi a jirgin ƙasa da bas, Alhaji ya riga ya shaida wa duk masallacin unguwa cewa da tayoyinsa zai je ɗauko uwargidansa, har ya sayi sabuwar rigar sanyi da takalma. In ce 'yan sanda sun hana, ban iya ƙarya ba, kunnuwana ke tona ni, kuma yana da maƙwabta direbobin tasi da zai tambaya. In ɗora tayoyin ƙanƙara a saman mota in canza a gindin dutse, to a gaban wa zan canza, shi ne fa a kujerar gaba. Na ma yi tunanin in zagaye Lyon in ɗauko yarinyar da tayoyin kirki, in tsaya a wani gareji a mayar da nasa, mu shigo Minguettes kamar da su muka hau. Sai na tuna zai kasance a bakin taga da sabuwar rigarsa yana jiran motar da ta riga ta wuce shi, kuma Ummi ba ta taɓa riƙe sirri ya kai la'asar ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta muku shi ne kiran ranar Lahadi. Alhaji ya gama gaisawa da 'yarsa sai ya ce a ba ni, abin da bai taɓa yi ba tunda na auri 'yarsa. Na karɓa a tsaye. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya lura ranar nan a shataletale hannuna na rawa, kuma ba laifina ba ne, ban saba ba. Ya ce, “Idan mun isa gindin dutsen sai ka tsaya in rage iska, ka dawo gefe ka huta. Ni zan hau da mu, ni zan sauko da uwargidana. Idon nan da kuke magana, hanya ba da ido kaɗai ake ganin ta ba.” Can ya tambaya ko layin ya yanke. Na ce a'a Baba, ina ji. Ya sa min albarka ya ajiye.

Tun ranar ba na iya zama wuri ɗaya. A ofis na fassara shafi guda sau biyu ban lura ba. Ina fita in tsaya in kalli motar kamar za ta ba ni amsa. Wani lokaci in ji haushinsa, wa ya aike shi taɓa motar mutane, sai in tuna hannuwansa a cikin sanyin nan da farin fentin da ya bi rim ɗin da shi, haushin ya koma kaina, don da na buɗe baki ranar da ya danna yatsa da duk ba a zo nan ba.

To jama'a, musamman dattawan zauren nan da masu surukai a kusa. Ba tambayarku nake wace taya ta fi ba, wannan na sani, kuma na riga na yanke cewa 'yata ba za ta sauko daga dutsen nan a kan robar hamada ba, balle da direban da ba ya gane fuska sai an matso. In tafi Lyon ni kaɗai kafin ranar, in zauna a gabansa in faɗa masa, ko kuwa hakan ya fi muni a ce suruki ne ya zo har gida ya karɓe masa sitiyari? In na faɗa, tayoyin fa, in mayar masa da su ɗakin ajiya ya ci gaba da juya su, ko in riƙe? Akwai wanda ya taɓa ce wa surukinsa a'a kuma aka ci gaba da gaisawa? In akwai, don Allah ya rubuto min kalmomin da ya yi amfani da su, yadda ya fara da inda ya ajiye idonsa. Aikina ke nan kullum nema wa mutane kalmomi a harsuna uku, amma wannan jimlar guda ta gagare ni, ga shi bakanike na jiran amsata.