Don An Sake Kiran Ƙanwata, Wai Ƙwaƙwalwarta Ta Taɓu

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana da lambata, akwai 'yan yankinmu a cikin guruf ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukuna, na gaji da mutanen da suke yanke hukunci tun a layi na biyu.

Ni budurwa ce, na gama sakandare, muna zaune a wani ƙauye a yankin Ɗambatta, irin ƙauyen da gonar wannan take jikin dangar wancan, ko tari ka yi a ɗakinka maƙwabta sun ji. Ina da ƙanwa, bari in kira ta Ladidi, ba sunanta ba ne. An sa ranarta da wani yaro Sabi'u mai gyaran babur a Ɗambatta, su suka ga juna suka so, ba wanda ya haɗa su, biki sai an gama girbi.

Da hutun makaranta na damina wasu mutane suka zo daga wata jami'a, wani Dakta da ɗalibansa maza, suka bi ta wajen mai gari aka ba su aji ɗaya a firamare. Masu binciken ƙwaƙwalwa ne, amma tun farko sun ce su ba magani suke bayarwa ba, ba kuma cuta suke nema ba. Abin da suke so su gane shi ne yadda abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji yake tafiyar da hannu, da yadda shi ma hannun yake gyara wa ido lissafi. Lugude ne ya kawo su wajenmu. Mata biyu ko uku a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya wannan ta ɗaga, har a cilla a tafa a cafe ba a yi karo ba. Mu abin da muke yi muna hira, shi Dakta har tsayawa yake ya riƙe baki.

Suna da wata hular roba mai wayoyi da ake sa wa mutum, sai an cire ɗankwali an matsa wani jel mai yauƙi kamar miyar kuɓewa a tsakanin kitso. Namiji ba zai taɓa kan matan mutane ba, shi ya sa suka nemi mace 'yar gari mai jin Turanci, aka ce ni. Kafin in fara, a gaban mai gari, Dakta ya sa na yi alƙawari ba zan taɓa faɗin wadda ta zo ba, ko yadda ta yi a ciki. Na ce na ɗauka, da sunan Allah ma na ɗauka, don ban ga wata wahala a ciki ba.

Bayan luguden akwai gwaji na biyu, shi ne tushen masifar. Za a zaunar da ke a sa miki wani tabarau mai kauri, shi aikinsa ya matsar da komai gefe kaɗan a idonki, a ba ki gyaɗa ki dinga jefawa cikin ƙwarya. Da farko duk sai ta faɗi dama, a hankali hannunki ya saba ki fara saitawa. To da an cire tabaran sai kuma ki dinga kuskurewa hagu, saboda hannun bai gama komawa yadda yake ba. Ba ya daɗewa, kafin ki wanke kai ya wuce. Ni ma na gwada, ɗalibansu ma haka suke yi, kowa haka yake yi, abin da suke aunawa ke nan ma.

Ranar da Ladidi ta yi nata, ita da rawar kai, ana cire mata tabarau ta fita waje tana dariya, kai duk jel. Mata suna zaune a layi a gindin darbejiya, wata ta miƙa mata moɗar ruwa, ta kai hannu ta kuskure ta buge moɗar ruwan ya zube. Aka yi dariya har da ita, ta ɗauka ta sha, shi ke nan. Da abin ya tsaya a nan da ban rubuto muku ba.

Sai Dakta ya duba abin da na'urarsu ta ɗauka ya ga a lugude babu wadda ta kama ƙafar Ladidi, ko an sauya mata abokiyar daka nan take take shiga sautin. Ya ce yana so ta dawo a ƙara ɗauka. Ni da murna na je na kira ta. To ku kun san mutanenmu, a asibitin gari in aka ɗebi jinin mata aka sallami kowa sai ke aka ce ki dawo, an san an ga abu. Da wannan ma'aunin aka auna ƙanwata. Mata da yawa sun shiga ajin nan, ita kaɗai aka sake kira, ai kuwa injin ya ga wani abu a kanta.

Wallahi yadda maganar nan ta girma sai da na ji ƙyamar garinmu. Daga ta buge moɗa aka koma jiri ya ɗebe ta, daga jiri aka ce faɗuwa ta yi, da maganar ta kai wajen injin niƙa har kumfa ta fito mata a baki. Yanzu sunan abin farfaɗiya, wasu sun ce taɓin hankali, an ma tono wata kakarmu ta wajen uwa da ta rasu tun ba a haife ni ba an ce ita ma haka take. Matan da suka ga abin da idonsu, waɗanda su ma sun watsar da gyaɗa a ajin nan, ko ɗaya ba ta buɗe baki ba, in na tare su sai su ce ai su ba a sake kiran su ba. Muka je suna gidan maƙwabta, kowa yana cin tuwo a kwano ɗaya da ƙawayensa, ita aka zuba mata nata daban a wani tsohon kwano, wai kada miyanta ya shafi wani. Matar da ta yi hakan Ladidi ce take mata daka duk lokacin da ta haihu. Na ɗauki kwanon na kife shi a tsakar gidan na ja hannunta muka fito, aka ce ba ni da kunya, ban musa ba.

Na bi diddigin maganar, don ni ba na barin abu a duhu. Duk wadda na matsa sai ta ce a gidan su Sabi'u ta ji, a bakin mahaifiyarsa, bari in kira ta Inna Dije. A nan ne na gane inda maganar ta dosa. Domin Inna Dije ita ce mace ta farko da na sa wa hular nan. Mijinta ya hana kowa na gidansa zuwa, ya ce bai yarda da masu leƙa kan mutane ba, ita kuwa ta ji ana ba da sabulu da man girki, ta saci jiki da sassafe ta bi ta bayan makaranta ta cikin gero. Ni na cire mata ɗankwali, ni na matsa mata jel, ni na wanke mata kai da hannuna. Da aka cire mata tabarau ba gyaɗa kawai ta kuskure ba, hannun ƙofa ta kai wa cafka ta dafe bango, ta yi ta dariya tana cewa wannan gilashi shaiɗani ne. Har Dakta ya sa na fassara mata dalili ta ce ta gane. Ta sani sarai babu abin da yake damun ƙanwata. Dama can 'yar ƙaninta take so Sabi'u ya aura, kowa ya san wannan, ta rasa hanya ne sai yanzu.

Na je na same ta ita kaɗai tana tsince wake, na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na ce Inna ki ji tsoron Allah, ke ma kin sa tabaran nan kin san yadda yake. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Yarinya, ni yaushe kika gan ni a makaranta?" Matar da na san adadin furfurar da ke ƙeyarta. Na tashi na fita don in na ƙara minti ɗaya zan faɗi abin da za a kai ni gaban mai gari.

Na kira Dakta, lokacin sun riga sun kwashe kayansu sun koma Kano. Na ce ya zo ya faɗa wa mutane ƙanwata lafiyarta ƙalau. Ya yi ta ba ni haƙuri, sori sori, ya ce su ba gwajin lafiya suka yi wa kowa ba, saboda haka ba shi da hurumin cewa ƙwaƙwalwar wata lafiya take ko ba lafiya ba. Na ce to ya faɗi dalilin sake kiran ta, ya ce wannan zai iya in ita ta amince, ta kuwa amince, ya kira mai gari a waya ya faɗa masa gwanintarta a lugude ce ta sa. Mai gari ya sanar a ƙofar masallaci, mutane suka ce ai dama haka 'yan boko suke rufa wa mutum asiri. Na ce to ya dawo da tabaran a sa wa maza a dandali kowa ya kuskure a idon kowa magana ta mutu. Ya ce sai ya nemi izinin wani kwamiti, kuma zaman kwamitin ba nan kusa ba. Kafin ya kashe waya sai da ya tuna min alƙawarina, ya ce in na fasa sirrin mace ɗaya babu wadda za ta sake yarda da su a yankin nan. Ban ce ƙarya ya yi ba. Amma su sun samu abin da suka zo nema yana cikin kwamfutarsu, mu an bar mu da kwano daban.

Shi kuwa Sabi'u ya fi kowa ba ni haushi. Ya ce shi bai yarda da maganar ba, yana son ta, amma don hankalin Inna ya kwanta a kai Ladidi babban asibiti a Kano a yi hoton kai, shi zai biya mota. Na ce kai da hankalinka, ranar da aka ga ta hau motar Kano zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ai an gama, ko me aka dawo da shi cewa za a yi an sayo. Sai ya hau wasa da makullin babur. Babanmu ya ce kada in kuskura in ja masa faɗa da surukai. Innarmu kuma, Allah ya ba ta lafiya, ta fara karɓo rubutu tana turara wa yarinyar hayaƙi wai ko da akwai, maƙwabta suna jin ƙauri suna gyaɗa kai.

Yanzu an aiko cewa baffannin Sabi'u za su zo wajen Baba bayan kasuwa mai zuwa, wai a ɗaga biki sai an ga yadda jikinta ya yi. Duk wanda ya san garinmu ya san irin wannan ɗagawar ba ta sauka. Kuma ba Sabi'u ne kawai zai tafi ba, sunan ne zai zauna, babu mai sake zuwa ƙofar gidanmu saboda ita.

Abin da yake hannuna ɗaya ne. In shiga zauren ranar in ce Inna Dije ta zo, ta sa hula, ta kuskure ƙofa, in faɗi launin zanen da ta ɗaura da wajen da ta ɓoye man girkin. Mijinta mutum ne mai zafi, zai bincika kuma zai gano, daga nan kowa zai san ƙarya ta shirya. Amma na karya alƙawarin da na ɗauka da sunan Allah, na tona asirin matar da ta cire ɗankwali a gabana don ta amince da ni, ƙila ma in jawo mata saki da tsufanta. In kuma auren ya yiwu a haka, ƙanwata ce za ta zauna gida ɗaya da matar da yayarta ta kunyata a gaban maza. In na yi shiru na riƙe amanar wadda ba ta riƙe ta kowa ba.

Abin da ya sa na kasa ƙara jira shi ne na jiya. Ladidi ta daina daka, ko ruwa za ta ɗauka sai ta tsaya ta kalli kofin ta kai hannu a hankali kamar mai kama kaza. Muna shanya gyaɗa a tsakar gida ta matso kusa da ni ta rage murya ta ce, "Yaya, ke kika ga allon injin nan. Don Allah in akwai wani abu ki faɗa min, ba zan gaya wa kowa ba."

Yarinyar da ko ciwon kai ba ta cika yi ba, sun sa ta fara zargin kanta. Malamai da ke gidan nan ku faɗa min tsakani da Allah, alƙawarin da na yi ya hau kaina har a kan wadda take amfani da shiruna tana cutar da 'yar uwata? Iyaye mata, ku da kuka san zaman gidan miji, in fasa ƙwan ko in bar auren ya mutu in nemi hanyar wanke sunanta kawai, kuma ta wace hanya? Ita Ladidi ban iya ba ta amsa ba jiya sai rantsuwa, kuma na ga a idonta rantsuwar ba ta ishe ta ba.